Awo da Ido a Kasuwar Shanu ta Potiskum: Abin da Darasin Fiziks Zai Ƙara wa 'Yan Kasuwa

POTISKUM: Kowace ranar Laraba, tun da sanyin safiya, Kasuwar Shanu ta Potiskum a Jihar Yobe takan cika maƙil da garken shanu da fatake da dillalai da mahauta da 'yan lodi. Ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, domin kuwa ban da shanun da ake korowa daga sassan Yobe da Borno, akwai waɗanda kan fito daga Nijar da Chadi da Kamaru. Kafin gari ya waye ranar Alhamis, tireloli sun ɗauki hanyar Legas da Anacha da Fatakwal, ɗauke da dukiya ta miliyoyin naira.

To amma duk da yawan kuɗin da ke juyawa a wannan kasuwa, galibin cinikin da ido ake yin sa. Mai saye yakan zagaya sa, ya dubi tozonsa da cinyoyinsa, ya shafa haƙarƙarinsa, sannan ya taya. Ba kasafai ake ɗora dabba a kan sikeli ba. Haka kuma da wuya a sami wanda zai faɗi adadin nauyin da sa ya rasa tsakanin Potiskum da mayankar Oko-Oba da ke Agege a Legas. Nauyi da zafi da gudu da ƙarfin lantarki, waɗanda su ne ke cin ribar ɗan kasuwa ko su ƙara masa ita, duk batutuwa ne na fiziks, wato reshen kimiyya da ke nazarin motsi da ƙarfi da zafi da haske da wutar lantarki. Abin mamaki shi ne, a cikin wannan gari na Potiskum ake koyar da darasin, a makarantun da ba su da nisa da kasuwar, amma har yanzu tsakanin aji da kara akwai tazara mai yawa.

Asarar da ba ta shiga littafi

Babu mai musun gwanintar dillalan Potiskum. Wanda ya shekara ashirin ko talatin a kara yakan iya kallon bunaji ko rahaji ko wadara ya ƙiyasta namansa, kuma sau da yawa ya kusa dacewa. Sai dai ƙiyasi ba awo ba ne, kuma ɗan kuskure kan zama babba idan aka tara shi. A ɗauka, don misali, falke ya loda shanu 30 a tirela, kuma idonsa ya ƙara wa kowane kai kilo 20 fiye da ainihin nauyinsa. Jimillar kuskuren kilo 600 ke nan, daidai da bijimai biyu matsakaita da ya biya kuɗinsu amma ba su hau motar ba. Idan kuwa kuskuren ya karkata ɗaya ɓangaren, makiyayin da ya yi shekaru yana kiwo shi ne ya tafka asarar.

Masana kiwo sun daɗe da sanin hanyar ƙiyasta nauyin saniya da tef ɗin awo irin na tela. Ana auna kewayen ƙirjinta daga bayan ƙafafun gaba, a kuma auna tsawonta daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya, duka da santimita. Sai a ninka kewayen ƙirjin da kansa, a ninka abin da aka samu da tsawon, a raba da 10,840. San da ƙirjinsa ya kai santimita 160, tsawonsa kuma 130, zai ba da kimanin kilo 307. Wannan lissafi bai kai sikeli daidaito ba, kuma yakan buƙaci gyara gwargwadon irin shanun, amma ya dogara ne a kan abin da ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare yake koya game da girman abu da nauyinsa.

Asara ta biyu a kan hanya take. Daga Potiskum zuwa Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, kuma dabbar da ke tsaye a mota tsawon wannan lokaci ba ta samun isasshen ruwa da abinci. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40, alhali zafin jikin saniya bai wuce kimanin digiri 38 da rabi ba. Idan iska ta fi jiki zafi, hanyar da ta rage wa dabba ta sanyaya jikinta ita ce fitar da ruwa ta gumi da haki, kuma duk ruwan da ya fita nauyi ne ya ragu. Idan lodin kilo 9,000 ya ragu da kashi 5 cikin 100 kacal, an rasa kilo 450, wato sa ɗaya da rabi. Yawan shanun da aka cusa a mota, da sararin da aka bar wa iska, da lokacin da aka zaɓa don tashi, duk suna da hannu a wannan ragi, kuma duk ana iya auna su a gyara.

Asara ta uku ita ce ta hatsari. Dokar motsi ta nuna cewa idan direba ya ninka gudunsa, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya bayan taka birki yakan ninka har sau huɗu. Bugu da ƙari, shanu kaya ne masu motsi. Idan suka karkata gefe guda a kan kwana, cibiyar nauyin motar takan bi su, kuma ɗora mutane da kaya a saman katako yana ƙara ɗaga wannan cibiya, ya sa motar ta fi saurin kifewa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha yin gargaɗi a kan haɗa mutane da dabbobi a tirela ɗaya. Potiskum gari ne na masu manyan motoci da direbobi da makanikai, saboda haka wannan darasi ya shafi gidaje da yawa.

Ruwa da sanyi da hasken rana

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu sana'o'i da dama a Arewa sun koma ga wutar sola domin rage kuɗin mai. A nan ma lissafi ne ke raba wanda ya ci riba da wanda ya zubar da kuɗinsa. Saniya takan sha lita 30 zuwa 40 na ruwa a ranar zafi, wani lokaci ma fiye. Shayar da shanu 1,000 na bukatar kimanin lita 40,000. Ɗago lita 1,000 daga zurfin mita 50 yana cin kusan kashi ɗaya bisa bakwai na yunit ɗin wuta, irin wanda ake gani a mita. Ke nan lita 40,000 za ta ci yunit biyar da rabi a lissafin takarda, kuma idan aka haɗa da ƙarfin da ke salwanta a famfo da bututu da waya, sai a ninka shi ya zama wajen yunit 11. Farantin sola mai wat 400 yakan ba da kusan yunit biyu a yini a irin wannan yanki, don haka faranti shida zuwa takwas za su iya ɗaukar aikin.

Wanda ya iya wannan lissafi ba za a sayar masa da faranti ashirin a inda takwas suka isa ba, kuma ba za a haɗa masa uku a ce sun wadatar ba. Zai kuma san cewa tun da Potiskum tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, ya dace faranti ya fuskanci kudu da ɗan karkata kaɗan, sannan a riƙa share masa ƙura musamman lokacin hunturu. Zai san dalilin da ya sa siririyar waya ke ɗaukar zafi: idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka, zafin da take haifarwa yakan ninka sau huɗu, kuma daga nan ne gobara kan tashi a shaguna da rumbuna.

Haka batun sanyi yake. Yawancin alluran rigakafin dabbobi, irin waɗanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take haɗawa, sai an ajiye su cikin sanyi kafin su yi aiki. Wanda ya sha zafi a hanya ya zama ruwa kawai, ga kuɗi an biya, ga cuta ba a tare ba. Ɗanyen nama yana bukatar sanyin da bai haura digiri 4 ba, daskararre kuma digiri 18 ƙasa da sifili. An daɗe ana maganar cewa yanka shanu a Arewa a kai naman Kudu cikin motoci masu sanyi zai bar fata da ƙashi da aikin yi a gida, kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a shekarar 2024 ya sake tayar da maganar. Sai dai ɗakin sanyi na bukatar wanda ya fahimci yadda zafi ke ratsa bango, da yadda injin ke matsa iskar gas, da yadda za a gyara shi idan ya tsaya da tsakar dare. Idan babu irin waɗannan ma'aikata a kusa, sai an jira wani daga Kano ko Legas, kafin ya iso kuwa naman ya lalace.

Makarantun da ke bayan kasuwa

Potiskum ba ta rasa makarantu ba. Akwai Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati, da Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, da Kwalejin Horar da Malaman Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1980. A Damaturu, kimanin kilomita 100 gabas, akwai Jami'ar Jihar Yobe da aka kafa a 2006 da kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, sannan a Gashuwa akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Wata doka ta shekarar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri baya ga takardar shaidar malanta ta NCE, abin da zai iya ƙara yawan malaman kimiyya na manyan ajujuwan sakandare.

Amma waɗannan makarantu sun sha wuya tare da kasuwar. A ranar 2 ga Mayu, 2012, 'yan bindiga sun afka wa Kasuwar Shanu, suka kashe mutane fiye da 30 tare da ƙona dabbobi da dukiya. A ranar 6 ga Yuli, 2013, an kai hari makarantar sakandaren gwamnati da ke Mamudo kusa da Potiskum, inda aka kashe mutane kusan 40, galibinsu ɗalibai, abin da ya sa gwamnatin jihar ta rufe makarantun sakandare na wani lokaci. Sannan a ranar 10 ga Nuwamba, 2014, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a filin taron safe na makarantar kimiyya ta Potiskum, ya hallaka kusan mutum 50, mafi yawansu yara masu shirin zama likitoci da injiniyoyi. Kasuwa ta farfaɗo da sauri domin ciniki ba ya jira, amma giɓin da aka samu a karatu ba ya cikewa cikin shekara ɗaya ko biyu. A shekarar 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare a jihar.

Ban da batun tsaro, koyar da fiziks yana fama da matsalolin da suka zama ruwan dare a ƙasar baki ɗaya. Ta farko ita ce ƙarancin ƙwararrun malamai, domin wanda ya yi digiri a wannan fanni yakan sami aikin da ya fi koyarwa albashi. Ta biyu ita ce rashin gwaji da hannu. Jarrabawar WAEC da ta NECO duka suna da takardar gwaji, inda ake ba ɗalibi tambayoyi a kan nauyi da motsi, da haske, da lantarki, ya yi awo da kansa ya zana sakamakon. Kayan da ake bukata ba su da tsada: rula mai tsawon mita ɗaya, sifirin, zare da ɗan ƙarfe mai lilo, gilashi mai kusurwa uku, batir, waya, da ma'aunin wuta. Duk da haka, a makarantu da yawa a faɗin ƙasar ɗalibi ba ya taɓa waɗannan kaya sai jarrabawa ta ƙarato. Ta uku ita ce harshe: ana koyar da darasin da Turanci ga yaron da ke tunani da Hausa ko Ngizim ko Karekare ko Bolanci, da misalan da bai taɓa gani ba, sai ya koma hadda ba tare da fahimta ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Lokacin da aka soma aiwatar da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a shekarun 1980, an shigo da injunan koyar da fasaha daga ƙasashen waje, amma da yawansu suka lalace a cikin akwatuna saboda rashin wuta da rashin malaman da suka san aiki da su. Darasin da ke ciki shi ne kaya ba sa koyarwa sai da malami.

Ga ɗan kasuwar shanu, akwai wani dalili na kusa. Hukumar JAMB ba ta ba ɗalibi damar neman karatun likitan dabbobi sai ya rubuta fiziks tare da kimiyyar haɗa sinadarai da ta halittu. Haka yake ga likitancin mutane da yawancin fannonin injiniya. Yaron da ya faɗi fiziks a Potiskum ba zai shiga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Maiduguri ko ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba, kuma kasuwar da ke tara dubban dabbobi kowane mako ta rasa likita ɗaya daga cikin 'ya'yanta.

Inda aka gwada aka ga amfani

Tarihi ya nuna cewa ana iya sauya lamarin. A shekarar 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake zaɓen ɗalibai ta hanyar jarrabawa, a ba su ɗakunan gwaji da malamai. Ɗimbin likitoci da injiniyoyin da Kano da Jigawa ke taƙama da su a yau daga can suka fito.

Misali na biyu ya fi kusa da kasuwa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya haɗa sanin ginin tukwane da dokar nan ta fiziks cewa ruwa idan yana bushewa yakan tafi da zafi. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, sai kayan miya da kan lalace cikin kwana uku suka riƙa yin makonni. Wannan dabara ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka. Sirrin da ke cikin randar kowane gida ne, sai dai an sami wanda ya fahimci dalilinsa ya mayar da shi sana'a.

Ilimin awo ma ba baƙo ba ne ga al'ummar Musulmi. A ƙarni na 12 malamin nan al-Khazini ya wallafa littafin Mizanul Hikma a kan ma'auni da nauyin abubuwa, kuma kafinsa Ibnul Haisam ya yi fice a nazarin haske a birnin Alƙahira. Alƙur'ani mai girma ya yi kakkausan gargaɗi a kan tauye mudu a Suratul Muɗaffifina. Rular da ɗalibi ke daidaitawa a kan tsini a ɗakin gwaji, da sikelin mai awon hatsi, doka ɗaya ke tafiyar da su; haka sifirin ɗin gwaji da sikelin rataye na mahauci.

Rawar da 'yan kasuwa za su taka

Akwai masu fargabar cewa shigo da sikeli zai kashe sana'ar dillanci. Wannan fargaba tana da dalili, amma nauyi ba shi kaɗai ke yanke farashi ba. Lafiyar dabba da shekarunta da ƙibarta da launinta, da lokacin layya ko na biki, duk sai idon gwani. Haka nan dillali shi ne mai shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma shi ke tsayawa tsakanin baƙo da ɗan gari. Sikeli zai rage gardama a kan abu ɗaya ne kawai, kuma zai buɗe ƙofar ciniki da manyan mayanka da kamfanonin sarrafa nama da bankuna, waɗanda ba sa ƙulla yarjejeniya sai da kilo a rubuce.

Ƙungiyoyin fatake da dillalai da masu motoci suna da hanyoyin taimakawa ba tare da jiran gwamnati ba. Idan aka ware Naira 200 a kan kowane kai, duk shanu 1,000 da aka sayar sun tara Naira 200,000, kuɗin da zai sayi kayan gwaji masu yawa ko ya ƙara wa malamin kimiyya alawus don ya zauna. Ana iya sa hannun iyaye da shugabannin makaranta a kula da asusun domin kauce wa zargi. Masu garejin tirela da masu haɗa sola za su iya karɓar ɗalibai lokacin hutu. Malamai kuma za su iya kai ɗalibansu kara ranar Laraba da tef da ma'aunin zafi, su auna shanu kafin lodi, a sake auna su a inda aka sauke, a tara alƙaluman shekara guda. Irin wannan bincike ya isa aikin kammala karatu ga ɗalibin kwaleji ko jami'a, kuma sakamakonsa zai gaya wa falke sa'ar da ta fi dacewa ya tashi da adadin shanun da ya kamata ya loda.

Nijeriya ta koma awo da kilo da mita da lita tun cikin shekarun 1970, kuma akwai sashen kula da ma'aunai a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Amma ko an girka sikeli a kowace ƙofar kasuwa, sai an sami wanda zai gwada daidaitonsa, ya gyara shi idan ya karkace, kuma mai saye da mai sayarwa su yarda da shi. Wannan mutum a yanzu haka yana zaune a wani aji a Potiskum, mai yiwuwa ɗan dillali ne ko 'yar mahauci, kuma abin da zai iya yi wa kasuwar nan gaba ya danganta da ko an ba shi rula da sifirin ya auna da hannunsa, ko kuwa an bar shi da kwafar zanensu daga allo.